Yadda Ake Rubuta Labarin Gidan da Ba Ya Ƙarewa

A cikin labaran ban tsoro akwai wani nau'i da ba fatalwa ce ke riƙe da shi ba, ba kuma aljani ba. Gidan ne da kansa abin tsoron. Lungun da jiya taku 10 ne, yau ya zama 12. Ƙofa ta bayyana a bangon da kowa ya san shafaffe ne. Mutum ya fito daga ɗaki zai je tsakar gida, ya yi ta tafiya bai isa ba. Marubutan Amurka da Ingila sun daɗe suna juya wannan zubi a littattafai da finafinai da wasannin kwamfuta. Marubutanmu masu sakin labari babi-babi a WhatsApp da Wattpad su ma za su ci moriyarsa ƙwarai, domin gidan gado irin namu, wanda kowane ɗa ya yi aure a yanka masa sashe, dama can gida ne mai girma da rikiɗa. Sai dai zubin yana saurin lalacewa a hannun mai gaggawa. Mai karatu ba zai razana don gida ya canza ba, sai in ya riga ya san gidan ciki da bai. A kan wannan duk matakan nan suka tsaya.

Mataki na farko: zana gidan kafin ka rubuta ko kalma ɗaya

Ɗauki takarda da biro ka zana taswira. Sa zaure, sa soro na biyu in akwai, sa tsakar gida, rijiya, madafi, turaka, makewayi, da sassan da ke cikin gidan. Nuna gabas da yamma. Sannan ka rubuta tazarar da ke tsakanin wurare da taku: daga madafi zuwa rijiya taku 9, daga rijiya zuwa ƙarshen lungu taku 14, haka dai. Kada gidan ya yi yawa. Ɗakuna 7 ko 8 sun isa, domin abin da mai karatu ba zai iya riƙewa a kansa ba, ba zai lura ba idan ya sauya.

Da ka gama zanen, aikin babi biyu ko uku na farko shi ne ka zagaya da mai karatu cikin gidan nan har ya haddace shi, ba tare da ya san haddar ake ba shi ba. Kada ka tsaya ka jero masa ɗakuna kamar mai sayar da gida. Aika mutane. Wata ta ɗebo ruwa, yaro ya kai abinci zaure, a yi shara, a yi shanya, a fito da tabarmi da yamma. Kowace hanya mai muhimmanci a bi ta aƙalla sau 3 cikin lafiya da walwala, ana hira ana dariya. Marubuta da yawa suna tsallake wannan wuri don suna ganin ba abin tsoro a cikinsa, kuma a nan suke asarar labarin gaba ɗaya.

Mataki na biyu: zaɓi wanda zai lura, da dalilin da ba za a yarda da shi ba

Irin wannan labari yana buƙatar mai ƙirga, wato mutumin da ke da dalilin sanin awon gida. Magini zai iya, haka ma'aikacin safiyo da aka kira ya auna fili don rabon gado. Amma ni a ganina babu kamar amarya da aka kawo babban gida. Tana lura da komai saboda komai sabo ne a wurinta, tana ƙirga taku saboda lungun ba fitila kuma ba ta son ta yi tuntuɓe a gaban surukai. Ranar da ta ce wani abu ya canza, amsa tana nan a shirye a bakin kowa: "Ke da kika zo jiya, me kika sani a gidan nan?" Mijin zai ce gajiya ce. Faccaloli za su yi ƙus-ƙus cewa ko tana da iskoki. Ka ga ke nan an kulle ta ba tare da an sa kwaɗo ba.

Sai ka ba ta shaida guda, wanda shi ma ba za a saurare shi ba. Misali Iya, kakar miji, tsohuwa da idonta ya tafi, wadda ta shekara 60 a gidan tana bin bango da tafin hannu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ranar da wannan tsohuwa ta yi karo da bango a inda ta saba juyawa, ta tsaya tana shafa shi shiru, mai karatu zai ji tsikar jikinsa ta tashi fiye da in ka fito masa da dodo mai ƙaho.

Mataki na uku: fara da saɓanin da bai kai ya kawo ba

Nan ne wurin da za ka fi daɗewa, don haka ka natsu.

A littafin House of Leaves na Mark Z. Danielewski, wanda ya fito a 2000, abin da ya fara tayar da hankalin mai gidan shi ne awo: ya auna gidan ta ciki, ya auna ta waje, sai cikin ya ɗara wajen da rubu'in inci kacal. Ya sake aunawa, ya kira wasu suka auna, lissafin ya ƙi fita. Tun kafin wannan, a 1959, Shirley Jackson ta gina The Haunting of Hill House a kan gidan da maginsa ya karkatar da kowace kusurwa kaɗan da gangan, har ƙofofi suna rufe kansu idan an bar su a buɗe. Dukansu biyu sun gane cewa ƙaramin kuskure ya fi babba ban tsoro, domin babba ka san ka gan shi, ƙarami kuwa kanka za ka fara zargi.

Saboda haka ka hau a hankali. Canji na farko ya zama na awo, wanda ake iya musantawa. Ga yadda zai iya zuwa:

Ta ɗauki langar tuwon ta nufi ɗakin Iya kamar kullum. Daga bakin madafi zuwa rijiya taku 9, daga rijiya a faɗa lungu taku 14, sai labule. Goma sha huɗu. Ta miƙa hannu za ta ɗaga labulen, hannun ya sami iska. Ta ƙara taku ɗaya. Ta ƙara wani. Sannan yatsunta suka taɓa yadin. Ta yi sallama ta durƙusa ta ajiye langar. Iya ta laluba murfin ta buɗe, ta sa yatsa, ta ce, "Kishiya, ina kika tsaya ne? Tuwon nan ai ya huce sarai."

Lura da abin da ya faru. Taku 2 kawai aka ƙara, amma tuwon da aka zubo da tururinsa ya huce. Ba a ce "abin ban tsoro" ba, ba a ce gabanta ya faɗi ba. An bar mai karatu ya yi lissafin da kansa, kuma tsoron da mutum ya haɗa da kansa shi ke bin sa har makwanci.

Bayan awo sai ƙofa: wata 'yar ƙofa a bayan rumbu da kowa ya rantse dama tana nan. Wannan rantsuwar tasu tana da amfani, don ita ke sa amarya ta fara shakkar hankalinta. Bayan ƙofa sai alƙibla. Ga Musulmi wannan babban lamari ne, kuma marubucin Hausa yana da shi a hannu fiye da na Turai. Tun zuwanta tagar ɗakinta take kallo ta yi sallah, kuma hantsi ta nan yake shigowa. Wata safiya rana ta leƙo ta ƙarƙashin ƙofa. Kiran sallah da ta saba ji ta dama ya koma zuwa ta bayanta. Ta shimfiɗa dadduma ta tsaya, ba ta san ina za ta fuskanta ba. Sai can daga baya, bayan labari ya wuce rabi, za ka buɗe lungun da ba shi da ƙarshe. Wanda ya fara da lungu marar ƙarshe a babi na biyu ya cinye jarinsa, ba shi da abin da zai ƙara.

Mataki na huɗu: kafa wa gidan doka, ka ɓoye ta

Gidan da ke yin duk abin da ya ga dama ba ya tsoratarwa, gajiyarwa yake yi. A bayan taswirarka rubuta amsar tambayoyi uku. Yaushe gidan ke canzawa? Me ke tayar da shi? Mene ne ba ya taɓa canzawa? Misali: ba ya motsi idan akwai ido a kansa, yana ƙara taku duk lokacin da aka yi ƙarya a kan wani al'amari guda, rijiyar tsakar gida kuwa tana nan inda take har abada. Abin da ba ya canzawa shi ne madogarar taurarinka, shi ne kuma madogarar mai karatu.

Kada mai ba da labari ya faɗi dokar nan. Bari masu karatu su gano ta kafin amarya ta gano, su yi ta muhawara a kanta tsakanin babi da babi. Kuma duk babin da ka canza wani abu, sake zana taswirar ka rubuta lambar babin a samanta. Mai sakin labari kullum yana mantuwa, masu karatu kuwa ba sa mantawa. Idan ka ce lungu taku 16 ne a babi na 9, ka dawo ka ce 15 a babi na 12 ba da niyya ba, ka karya dokarka, kuma daga ranar ba za a ƙara yarda da ƙirgenka ba.

Mataki na biyar: ba gidan dalili

A birnin San Jose na jihar Kalifoniya a Amurka akwai wani gida na gaske da ake kira gidan Winchester. Sarah Winchester matar William Winchester ce, magajin kamfanin ƙera bindigogi mai wannan suna. 'Yarsu tilo ta rasu tana jaririya a 1866, mijin ya rasu a 1881. A 1886 ta sayi wani gidan gona ta shiga yi masa ƙari, tana ginawa tana rushewa shekaru da yawa, ta rasu a 1922. Gidan ya kai ɗakuna wajen 160, da matakalar da ke ƙarewa a jikin rufi, da ƙofar bene da in ka buɗe ta babu komai a gabanka sai iska. Girgizar ƙasa ta 1906 ta lalata benayen sama, kuma masana tarihi suna danganta da yawa daga baƙin abubuwan gidan da wannan ɓarna da kuma yawan sauya tsari da matar ke yi. Amma labarin da ya bazu a bakin jama'a daban ne: wai tana gini ne don ta ɓatar da kurwar waɗanda bindigogin suka kashe. Masana sun musanta hakan, duk da haka shi ne ya tsaya, har gobe masu yawon buɗe ido suna biyan kuɗi su shiga saboda shi.

Abin da marubuci zai ɗauka a nan shi ne, mutane ba su gamsu da gida mai ɗakuna 160 haka siddan ba, sai da suka nema masa laifi da baƙin ciki. Mai karatunka ma haka zai yi. In ba ka ba shi dalili ba, zai ga wasa kawai kake yi da bango.

A gidan gado ba sai ka je da nisa ba. Ka ce shekaru da yawa da suka wuce an raba gado aka danne rabon wata 'ya mace, duk da cewa shari'a ta yanka mata kasonta. Ta yi kuka ta bar gidan, aka toshe ƙofar ɗakinta da tubali aka shafe, aka daina ambaton sunanta. Yanzu an sake zuwa rabo, ana ƙirga ɗakuna ana cewa 8 ne, alhali 9 aka gina. Duk lokacin da wani ya ce "mu kaɗai ne magada", lungu ya ƙara tsawo. Da wannan ka haɗa dokar gidan da jigon labarin wuri guda. Ina ba wannan mataki muhimmanci sosai, domin shi ke sa labarin ban tsoro ya wuce razanarwa ya taɓa abin da mutane ke fama da shi a zahiri. Cikin masu karatunka akwai waɗanda suka san wata gwaggo da aka yi wa haka.

Mataki na shida: amsa tambayoyin da mai karatu zai yi

Tambaya ta farko: me ya hana su tashi? Ga amarya amsar a fili take. Ta yi yaji, iyayenta suka ce, "Ki yi haƙuri ki koma ɗakinki, wa ya taɓa jin gida ya yi tsawo?" Ga magada kuwa, wanda ya fita ya bar wa 'yan'uwa rabonsa.

Ta biyu: waya fa? Kada ka ce caji ya ƙare ko sabis ya ɗauke, an gaji da wannan. Bari ta ɗauki hoton lungun, ta nuna wa mijinta, ya ga lungu ne kawai, domin hoto ba ya nuna taku.

Ta uku ita ce babba a wurin mai karatun Hausa: ina addu'a, ina malamai? Hadisi ya inganta a Sahihu Muslim cewa Shaiɗan yana gudu daga gidan da ake karanta Suratul Baƙara, kuma duk wanda zai karanta labarinka ya san haka. Idan ka yi kamar ba wanda ya tuna da karatu, labarin ya zama na wasu mutane daban. Idan kuma ka nuna an yi karatu bai amfana ba, ka taɓa abin da bai kamata ba. Mafita ita ce dalilin da ka riga ka gina. A kira malam, a yi karatu, zukata su natsu, a kwana lafiya. Da zai tafi sai ya tsaya a zaure ya ce wa babban gidan, "Alhaji, ni ban ga alamar aljani a gidan nan ba. Amma ku bincika, ko akwai haƙƙin wani a kanku." Alhaji ya yi shiru, ya raka shi, ya dawo ya ce wa iyalinsa malam ya ce babu komai. A daren lungu ya ƙara taku 5.

Mataki na bakwai: shiga ciki

Dole wata rana a shiga sashen da bai kamata a ce yana nan ba. Shirya tafiyar da hankali irin na mutanen gaske: tocila, gawayi na yi wa bango alama, ƙullin zare da za a ɗaure a bakin rijiya. Dabarar zaren tsohuwa ce, tana cikin tatsuniyar Girkawa ta ginin ɓatarwa na tsibirin Kirit, kuma har yau tana aiki. Sai ka bar kayan su ci amanarsu ɗaya bayan ɗaya, bisa dokar da ka kafa. Su dawo su tarar da alamar gawayin a bango biyu masu fuskantar juna. Su ja zaren su ji yana nan daram, amma ya bi ta cikin bango ya wuce.

Maimaici makami ne a nan. Wani ɗan gajeren wasan kwamfuta mai suna P.T. da ya fito a 2014 ya firgita jama'a da lungu guda ɗaya tak, wanda kake bi ka fita ta ƙofa ka sake samun kanka a farkonsa, kowane zagaye da ɗan abin da ya sauya. A rubuce ma haka za ka yi: maimaita jimlolin da ka siffanta lungun da su a babi na farko kusan kalma da kalma, ka canza abu ɗaya. Ƙusar da ake rataye fitila tana dama, yanzu tana hagu. Yi amfani da hanci da kunne: ƙanshin turaren wuta a ɗakin da ba kowa, ƙarar daka tana zuwa daga ƙarƙashin ƙasa, sanyin daɓe a tafin ƙafa. Gajarta jimloli idan numfashi ya ɗauke, ka sake su idan an samu sarari.

Kuma ka riƙe hannunka game da dodo. A 2019 wani hoto ya bazu a intanet na ɗakuna fayau masu bango rawaya da fitilun ofis, aka laƙaba masa suna Backrooms, da 'yan layuka da ke cewa faɗin wurin ya wuce misali. Ya kama zukata saboda babu kowa a ciki. Daga baya masoya suka yi ta ƙara masa hawa-hawa da halittu kala-kala, kowanne da sunansa da bayaninsa, kuma a ganina duk abin da aka ƙara ya rage masa kwarjini. In lallai sai an ga wani abu a gidanka, a ga sawun ƙafa ƙarami a ƙura, ko tabarma a shimfiɗe da ɗumin wanda ya tashi yanzu.

Mataki na takwas: rufewa

Guji "ashe mafarki ne". Cin amanar wanda ya bi ka babi 30 ne. Ƙone gidan ma hanya ce mai arha, sai fa in gobarar ta fito daga halin wani tauraro da ka daɗe kana ginawa. Ƙarshen da ya fi dacewa shi ne wanda dokar gidan ta haifa. In ƙarya ke ƙara taku, gaskiya ce za ta rage shi, kuma dole wani ya biya kuɗin faɗinta: Alhaji ya ambaci sunan 'yar'uwarsa a gaban jama'a, a fasa tubalin, a nemo 'ya'yanta a ba su abin da yake nasu. Kana iya barin 'yar ɓaraka, a sake awo a tarar saura taku ɗaya da ya ƙi komawa, wanda ke nuna akwai wani haƙƙin da ba a faɗa ba. Wannan kuma ya ba ka ƙofar littafi na biyu in kana so.

Kafin ka saki babi na farko, ba wani amintacce babi ukun farko ya karanta, ka ɓoye taswirarka, ka ce ya zana maka gidan daga abin da ya karanta. In ya sa rijiya da lungu da ɗakin Iya a inda ka sa su, ci gaba. In ya kasa, koma ka ƙara aike-aike a cikin gidan, ka sake ba wani daban ya gwada.